Maganin Hunhunar Kilishi Yana Cikin Ƙwaryar Nono

Daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da damina ta kankama a Kano, mai sayar da kilishi a bakin Titin Zariya ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi ko a kasuwar Tarauni yana fama da matsalar da ba ya gani a bazara. Iska ta yi laima, shanya ba ta kammaluwa, naman da aka ƙulle a leda kuwa sai ya fara hunhuna. Abin da aka saba yi shi ne a kankare wurin, a sake kai shi wuta. Kamannin naman yana gyaruwa, gubar da hunhunar ta bari kuwa tana nan.

Gubar ita ce aflatoksin, wadda hunhunar Aspergillus flavus ke fitarwa. An gano ta bayan mutuwar talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. Zafin gashi ba ya kashe ta, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Labun da ake tsoma kilishi a ciki kuwa tunkuza ce ginshiƙinsa.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin hanyar kariya, ko da ba ta raɗa mata suna ba. Bafulatanar da ke zuba tsohon nono a cikin sabuwar madara shuka ƙwayoyin bakteriya masu amfani take yi. Ƙwayoyin suna cinye suga, su fitar da tsami da wasu sinadarai masu hana hunhuna tsiro, su kuma mamaye wurin kafin mugun iri ya samu gindin zama. Tun shekarun 1950 masu sarrafa nama a Turai suke zuba irin waɗannan zaɓaɓɓun ƙwayoyi a cikin naman da suke busarwa.

Kilishi ya cancanci irin wannan gwaji. Tsakanin tsomawa a labu da shanya ta biyu naman yana da ɗanshi, a nan hunhuna ke samun ƙofa, a nan kuma bakteriya mai amfani za ta iya aiki. Da zarar ya bushe ƙayau, ita ma ba ta da sauran kataɓus. Masana ƙananan halittu na Jami'ar Bayero za su iya tace iri daga nono da kamu, su gwada shi tare da mahauta a rumfunansu, a auna ɗanɗano da tsawon ajiya, sannan NAFDAC ta duba ingancinsa.

Sai dai bakteriya ba za ta wanke gyaɗar da ta riga ta gurɓata ba. Wannan aikin gona ne da rumbu, inda Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, yake amfani da hunhuna marar guba wajen korar mai guba. Dole a haɗa biyun: tsabtatacciyar tunkuza da labu mai kariya.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan a kan titin da ake sayar da kilishin, kuma can masu ciwon hanta ke zuwa. Kuɗin gwajin labu na damina guda bai kai kuɗin jinyar da ake yi a can ba.