SHARHI: Ɗalibi Mai Binciken Kunne na Bukatar Jari da Ubangida

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai injin niƙa a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko a Sabo ta Ibadan, ya san yadda ake ciniki da shi. Sai ka ɗaga murya, ka maimaita, ka haɗa da nuni da hannu. Har bayan an kashe injin ma haka za ka yi, domin kunnen ya riga ya tafi. Mutum ya shiga sana'a da lafiyarsa, ya fito bayan shekara goma sha ba ya jin sallama sai an taɓa shi. Babu wanda ya auna masa ƙarar da yake kwana yake tashi a cikinta, babu kuma littafin da aka rubuta asarar da ya yi.

A kowace shekara kuwa jami'o'inmu na yaye ɗaliban likitanci, da na kimiyyar jikin ɗan Adam, da na injiniya, da na koyar da masu lalurar ji, kowannensu sai ya rubuta kundin bincike kafin a ba shi digiri. Ra'ayina a wannan sharhi shi ne, da 'yan kasuwa da masu masana'antu za su sa ɗan jari kaɗan a kan waɗannan kundaye, su kuma tabbatar kowane ɗalibi ya sami malamin da zai riƙe hannunsa, da mun fara sanin girman wannan asara, mun kuma fara samun mutanen da za su magance ta.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi ne harshen wannan shafi. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ta ce mutane fiye da miliyan dubu 1.5 ne ke da raunin ji a duniya, kuma miliyan 430 daga cikinsu na bukatar kulawa ta musamman. Ta ƙiyasta cewa rashin kula da matsalar na jawo wa duniya asarar Dala miliyan dubu 980 a shekara, ta hanyar aikin da ba a yi ba, da karatun da ya lalace, da kuɗin jinya. Ta kuma ce duk Dala 1 da aka zuba wajen kula da kunne na iya dawo da kusan Dala 16 cikin shekaru goma. A 2024 ofishin hukumar mai kula da Afirka ya ce mutane miliyan 40 ne abin ya shafa a yankin, asarar kuwa ta kai Dala miliyan dubu 27 a shekara. Ɗan kasuwar da aka nuna wa hajar da ke riɓanya kanta sau 16 ba zai tsaya dogon nazari ba.

Nijeriya na da nata dalilan na daban. Cutar sanƙarau da ta ɓarke a Arewa a 1996 ta kama mutane fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta na cikin tabon da take bari ga waɗanda suka tsira. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, yakan taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Akwai magunguna irin su gentamicin da streptomycin, masu amfani ƙwarai a hannun likita, amma masu lalata kunne idan aka yi ta dirka su babu ƙa'ida. Sannan ga janareta a bakin kowane shago, ga injin yankan katako, ga masu walda da maƙera.

Abin da ya sa lamarin ya yi tsanani shi ne yadda Allah ya halicci kunnen. Can ciki akwai wani sashe mai kama da katantanwa, ɗauke da 'yan ƙwayoyin halitta masu sili-sili kimanin 15,000, su ne ke mayar da sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya mutu daga cikinsu ba ya sake tsirowa. Masana lafiyar ma'aikata sun yi iyaka da ƙara mai ƙarfin desibel 85 na tsawon awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A gefen katantanwar nan kuma akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, waɗanda ke gaya wa jiki duk lokacin da kai ya juya ko ya karkata. Idan suka sami matsala sai jiri da hajijiya. Ga mai zaman ofis wannan damuwa ce. Ga birkila a kan bene, ko direban tanka a hanyar Apapa, magana ce ta rai da dukiya.

To, wa zai yi aikin? Rahoton 2021 ɗin ya nuna cewa kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko ƙwararren mai auna ji guda ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, muna da sassan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa. Amma ƙwararre ba ya faɗowa daga sama. Yakan fara ne a matsayin ɗalibin da wani ya jawo a jiki, ya nuna masa tambaya mai ma'ana, ya ba shi kayan aiki.

Na san yadda kundin digiri yake a wurinmu, domin ni ma na rubuta nawa a fannin tattalin arziki. Daga aljihun mahaifina kuɗin mota da na buga takardu suka fito. Malamin da aka haɗa ni da shi na da ɗalibai da yawan da ko sunayenmu bai riƙe ba, sau uku na gan shi a shekarar. Da yawa daga abokaina sun ɗauko tsohon kundi ne suka sauya masa riga. Ba lalaci ne ya kai su ga haka ba. Wanda ba shi da kuɗin zuwa fili, ba shi da mai duba masa, me zai rubuta in ban da abin da ya tarar a kan kanta?

'Yan kasuwarmu sun fi kowa sanin maganin wannan. Babu attajirin da ke ɗaukar yaro ya danƙa masa shago rana ɗaya. Sai ya zaunar da shi kusa, ya koya masa gane kaya da gane mutane, ya ba shi 'yar haja ya gwada, ya yi masa lissafi da yamma, in ya yi kuskure ya gyara masa, kafin ranar da zai sallame shi da jarinsa. Jari babu ubangida yakan narke, ubangida babu jari kuma yaro ya tsufa a bakin shago. Ilimin bincike ma haka yake tafiya.

Ƙasashen da suka ci gaba da wannan hanya suka bi. Jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe shirin shigar da ɗaliban digirin farko cikin binciken malamansu tun 1969, kuma a 1987 hukumar kimiyya ta ƙasar ta fara biyan irin waɗannan ɗalibai alawus su yi hutunsu a ɗakunan gwaji. Tarihin ilimin kunne kansa ya nuna inda kasuwanci ya shigo. Georg von Bekesy, wanda ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda gano yadda katantanwar kunne ke aiki, ya shafe shekaru fiye da 20 yana bincike a ɗakin gwajin tarho na hukumar gidan waya ta Hungari. Neman inganta tarho ne ya kai shi ga kunne. A Ostareliya, Graeme Clark ya yi dashen na'urar ji a cikin kunne a 1978 bayan fama da neman gudummawar jama'a, kuma daga aikinsa aka sami kamfanin Cochlear da ke sayar da kayansa a duniya. A nan gida, Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna a Legas, cikin binciken da aka buga a 2008, cewa ana iya gwada jin jarirai a wuraren allurar rigakafi ta hannun ma'aikatan lafiya na unguwa. Tambaya ce mai sauƙi, amsarta kuma ta amfani ƙasashe da dama.

Irin waɗannan tambayoyi suna nan birjik, kuma ba su fi ƙarfin ɗalibi mai jagora ba. Nawa ne ƙarfin ƙarar da ke layin masu niƙa daga safe zuwa yamma? Ma'aikata nawa ne a masaƙa ko kamfanin roba ke sa abin toshe kunne, waɗanda ba sa sawa kuma me ya hana su? Yara nawa ne a aji ɗaya na firamare ake kira daƙiƙai alhali ruwan kunne ne ya hana su jin malami? Tsofaffi nawa ne ke faɗuwa saboda jirin da likita kan iya magancewa da juya kai kawai, bisa dabarar da John Epley ya bayyana a 1992? Ɗalibin injiniya kuma na iya gwada yadda za a rage kukan janareta da kayan da ake samu a kasuwa. Abin da ake bukata shi ne na'urar auna ƙara, da na'urar gwajin ji ta tafi-da-gidanka, da kuɗin mota, da ɗan alawus.

Na san abin da wasu za su ce: ai mun biya haraji. Gaskiya ne. Tun 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, wanda ya kai kashi 3 a 2023, kuma da irin wannan kuɗi asusun TETFund ya gina azuzuwa ya tura malamai ƙaro ilimi. Sai dai kuɗin bincike na asusun malamai ne ke nemansu, da wuya su gangaro kan ɗan aji huɗu. Ya kamata hukuma ta gyara wannan, amma mai masana'anta ba zai jira ba, domin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci lalacewar ji a wurin aiki cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu. Gara ya san halin da ma'aikatansa ke ciki tun kunnuwansu na ji.

Wasu kuma za su ce in an horar da yaran, ƙasashen waje za su gudu. Wasu za su tafi, babu shakka. Amma alƙaluman da suka tattara a kasuwarmu da masana'antarmu suna nan, kuma wanda ya fara sana'arsa da matsalar garinsu ya fi saurin waiwayo gida a kan wanda bai taɓa sanin akwai ta ba.

Ga abin da nake ba da shawara. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ko reshen ƙungiyar masu masana'antu, ko attajiri guda, ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da sashe ɗaya na jami'a ɗaya. A ɗauki ɗalibai kamar goma a shekara ta hanyar gasa, maza da mata, har da masu lalurar jin kansu. Kada malami ya riƙe fiye da uku, a kuma biya shi ladan lokacinsa, domin jagorancin da ba a biya shi ne ake yi a tsaitsaye. A raba kuɗin kashi uku: ɗaya bayan kwamitin ɗa'a na jami'a ya amince da tsarin aikin, ɗaya bayan an dawo daga fili, ɗaya bayan an miƙa rahoto. Na'urori su zama mallakar sashen don 'yan baya. Ɗalibi ba zai yi wa kowa magani ba. Duk wanda aka samu da matsala a tura shi asibiti. Kamfanoni kuma su buɗe ƙofarsu ga ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, a bar su su auna ƙarar injuna maimakon a zaunar da su suna jera fayil.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne, a ranar 3 ga Maris, wadda duniya ta keɓe don ji, kowane ɗalibi ya zo gaban waɗanda suka ba da kuɗin da waɗanda aka yi binciken a kansu, ya faɗi abin da ya gano da Hausa, ko Yarbanci, ko Ibo. Mai injin niƙa na da haƙƙin sanin abin da aka auna a rumfarsa.

Attajiranmu sun gina masallatai, sun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka musu. Kuɗin da za a riƙe ɗalibai goma da shi a shekara bai kai na mota ɗaya da ake sauyawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zangon karatu mai zuwa bai yi nisa ba.