Kwamfutarka daga soket take farawa, ba daga YouTube ba

1/ Zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Yawancin jerin kayan haɗa kwamfuta da kuke turawa a guruf ɗin WhatsApp ba don Jega, Aliero ko Maiyama aka rubuta su ba. An rubuta su ne don ɗaki mai AC da wutar da ba ta ƙiftawa. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo. 🧵

2/ Duk jerin kamar uwa ɗaya ta haife su. Katin girafik a sama, furosesa na biye, sai kesin mai gilashi da fitilu kala-kala. Fawa-fak yana can ƙasa, wai "duk wanda aka samu". UPS da sitabilaiza ma ba a san da zamansu ba. An fara gini daga rufi ke nan.

3/ Ga matsayata. A nan wajenmu daga bango ake fara zaɓen kaya. Wace wuta gare ka, kuma awa nawa take yi? Yaya zafin ɗakin da ƙurarsa? Wane aiki za ka yi? Sai ka amsa waɗannan kafin ka ambaci sunan furosesa. Katin girafik shi ne ɗan auta.

4/ Mu fara da wuta. Wanda kake kallo a YouTube yana haɗa injin a Amurka bai taɓa jin an ce "wuta ta zo lo" ba. Bai san a ɗauke ta sau biyar kafin La'asar ba. Shi ya sa ba ya sa wannan a lissafi. Shi bai yi laifi ba. Kai da ka kwafa ba tambaya, kai ne abin dubawa.

5/ Kuma kowa shaida ne. A Satumban 2023 gobara ta ci taransifoma a babbar tashar wuta ta Birnin Kebbi, Kebbi da Sakkwato suka shiga duhu. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kunna janareta ya zama shawarar da ake yi da aljihu. Wannan ita ce ƙasar da injinka zai rayu a ciki.

6/ Yanzu lissafi, ba surutu ba. RTX 4090 shi kaɗai yana jan wat 450, kuma Nvidia da kanta ta ce a haɗa shi da fawa-fak mai wat 850. Ƙaramin janaretan nan da ke ƙofar kowane shagon aski bai kai wat 1,000 ba. Ƙara monita da fanka da fitila. Ina za ka sa su?

7/ Ka ce sola gare ka? Madalla. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da 2,400Wh a takarda. In na ruwa ne kuma kana son ya daɗe, rabi kawai za ka riƙa ci, wato 1,200. Injin mai jan wat 500 zai shanye shi cikin awa biyu da 'yan mintuna.

8/ Injin mai jan wajen wat 120 kuwa, da wannan batir ɗin dai, zai kai ka awa takwas ko fi, ko bayan an cire abin da inbata ke ci. Ɗaya ya mutu kafin a tashi daga kallon ƙwallo, ɗaya ya raka ka har Asuba kana furojet. To wanne ne "mai ƙarfi"?

9/ Saboda haka kayan farko shi ne fawa-fak. Shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowa. In ya lalace ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod da katin girafik su bi shi. Amma shi ne kuke neman mafi araha. Haba jama'a. Araha ba ta ado.

10/ Wanda aka manna wa takardar "650W", ba sunan kamfani, kuma ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, ajiye shi. Nemi na kamfanin da aka sani, irin Seasonic, Corsair ko Cooler Master, mai shaidar 80 Plus. Ma'anarta aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja yana isa ga injin, sauran ne ke zama zafi.

11/ Duba jikinsa ko an rubuta 100–240V. Irin wannan ya fi jure wutar da ke hawa da sauka. In kuma tsohon tokunbo ne mai jan maɓalli a baya, 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ka jona. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi.

12/ UPS ba kayan gayu ba ne, cikin kuɗin injin yake. Amma a kula: VA daban, wat daban. UPS mai 650VA yawanci bai kai wat 400 ba. Aikinsa ya ba ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe lafiya. Inbata kuma a nemi mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave. Fawa-fak na zamani ba ya shiri da ɗayar.

13/ Na biyu, zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yana haura 40 a nan, balle ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana. Gwaje-gwajen da kuke gani a bidiyo ana yin su a ɗaki mai ashirin da wani abu. Tun kafin ka danna maɓalli an ba ka ratar kusan digiri ashirin.

14/ Furosesa in ya doshi digiri 95 zuwa 100 rage gudu yake yi da kansa don kar ya ƙone. Wato ka biya kuɗin doki, zafi ya mayar maka da shi jaki. Kesin mai gilashi a gaba, wanda iska ba ta da hanyar shiga, tanda ce mai fitila.

15/ Abin dariyar, manomin albasa a Aliero ya fi ku sanin wannan ilimi. Ya san in ya tara albasa ba iska, ruɓewa za ta yi, shi ya sa yake ɗaga ta daga ƙasa a rudu, iska na ratsawa. Sayi kesin mai raga a gaba, fanka biyu na shigar da iska, ɗaya na fitarwa a baya.

16/ Mi ya sa masu shigarwa suka fi yawa? Ƙura. In iskar da ke shiga ta matattara ta fi mai fita, ƙurar hunturu ba za ta samu kutsowa ta kowace kafa ba. Ɗora injin kan tebur, kar ka bar shi a ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka riƙa wanke matattarar a kai a kai, ka hure cikin da bulowa.

17/ Mai sanyaya da ruwa kuma, wanda ake wa kallon sarauta? Famfo gare shi. Ranar da famfon ya tsaya, a Jega za ka samu wani? Ƙarfen sanyaya mai fanka ba abin da zai mutu a jikinsa sai fankar, ita kuwa ana canza ta cikin minti biyar. Sayi abin da za a iya gyarawa kusa da kai.

18/ Na uku, cutar "Core i7 ce". Wallahi wannan kalma ta ci kuɗin ɗalibai da yawa. i7 suna ne kawai, zamani ake tambaya. i7-2600 na 2011 ne. i3-12100 na 2022 ne. Dukansu ƙwaya huɗu gare su, amma i3 ɗin ya yi wa wancan fintinkau. Mai kaya ba zai faɗa maka ba in ba ka tambaya ba.

19/ Lambobin farko bayan alamar tsakiya su ne zamanin: 2600 na biyu, 8500 na takwas, 12100 na sha biyu. Kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 a hukumance daga Intel zamani na takwas yake farawa, ko Ryzen 2000. Ƙasa da haka, ka san abin da ka saya.

20/ Sai dacewa. AM4 na AMD da DDR4 yake aiki, AM5 kuma DDR5 kaɗai. Madabod mai LGA1700 yana ɗaukar Intel na 12, 13 da 14, amma wani na DDR4 ne wani na DDR5, ba sa shiga ramin juna. Intel mai harafin F a ƙarshe ba shi da girafik a ciki, ba kati ba hoto. Rubuta waɗannan kafin ka tura kuɗi Kano ko Ikeja.

21/ In kuɗi sun yi kaɗan, ga inda za ka sa su. SSD kafin komai. Tsohon hadis mai juyawa da ƙyar yake wuce 150MB a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai wa 550, NVMe kuwa dubbai. Kuma SSD ba ya da faifai mai juyawa da allura da ɗaukewar wuta za ta girgiza. Sai RAM: 8GB biyu sun fi 16GB ɗaya gudu.

22/ "To katin fa?" Tambayi aikinka. Koyon furogiramin, rubuta furojet, SPSS, Excel, AutoCAD na zane mai fuska biyu, gyaran hoto mai sauƙi: Ryzen 5 5600G, mai wat 65 da girafik a cikinsa, ya ishe ka. Ramin katin yana nan a madabod, ba ya gudu. Ranar da aiki ya nema, ka saya.

23/ Na san masu cewa "mu gem muke so, kar ka takura mana". Ban hana ba. Amma RTX 4060 wat 115 yake ja, RX 6600 kuma 132, kuma duka suna wadatarwa a monita mai 1080p, wanda shi ne a gaban yawancinmu. Sayen katin 4K ka jona shi da monitan 1080p kamar sayen tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwar Jega.

24/ Katin hannu kuma a buɗe ido. A Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙo ta katin girafik, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna. Sa a kunna a gabanka: GPU-Z don kati, CPU-Z don furosesa, CrystalDiskInfo don awannin da SSD ya yi.

25/ Mai kayan da ya ce "ba sai an gwada ba, ai mun saba", gaishe shi ka wuce. In aike za a yi maka ta mota, a turo bidiyon gwajin tare da lambar jikin kayan, kuma a yi maganar kwanakin mayarwa kafin kuɗi su fita.

26/ Wasu za su ce tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, ta fi sauƙi. Gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Mai zamani na takwas, da SSD da 16GB, aiki take kamar jaka. Sai dai fawa-fak ɗinta ƙarami ne, filoginsa na kamfanin ne, kuma siririyar ba ta ɗaukar babban kati. Kar ka saya da niyyar mayar da ita injin gem.

27/ Wasu kuma su ce "sayi laftof ka huta". Ga ɗalibin da ke yawo tsakanin hostel da aji, sun fi ni gaskiya, batirinta UPS ne kyauta. Tebur tana da hujja ne in kana da wurin zama ɗaya, kana son iska mai yawa da canza kaya ɗaya bayan ɗaya. In ba haka ba, kar son burgewa ya ja ka.

28/ Abin da ya sa nake zafi: kuɗin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Wani albasar gidansu aka sayar, wani shinkafar rani, wata adashen mahaifiyarta aka kwasa. Kuma kayan da dala ake shigo da su. Madabod ɗin da ya ƙone a watan Afrilu ba lallai a iya maye shi a shekarar ba.

29/ Kafin ka sake turo jeri a guruf, rubuta abu uku a samansa: wutar da kake da ita, wat nawa injin zai ja gaba ɗaya, da aikin da zai yi maka. Wanda ya turo ba su, kar ku ba shi shawarar kati, ku tambaye shi soket ɗinsa. Mai ja kuma ya zo da lissafinsa a ƙasa, ina nan.