Kama Da Wane Ba Ta Wane: Keken Lantarki Da Keken Feda

Tun da keken lantarki ya yawaita a biranen Turai da Amurka da Sin ake ta jayayya a kan ko ya fi keken feda haɗari. Masu sayar da shi suna cewa keke ne kamar kowane keke, illa dai an ɗora masa batir da ɗan inji domin a rage wa mahayi wahala. To, amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Duk abin da ya yi gudun babur ya kamata doka ta ɗauke shi babur, ko da kuwa yana da feda.

Dalili na farko shi ne nauyi da gudu. Keken feda bai cika wuce kilo 15 ba, na lantarki kuwa yakan kai kilo 25 ko fiye. Sannan idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da keke takan ninka sau huɗu. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa injin ya daina taimakon mahayi da zarar an kai kilomita 25 a awa guda. Akwai kuma wani iri mai kaiwa kilomita 45, wanda ƙasar Holan ta sanya cikin jerin ƙananan babura tun 2017, ta wajabta masa lamba da hular kwano. Wannan shi ne daidai.

Dalili na biyu shi ne batir, domin keken feda bai taɓa ƙona gida ba. Batirin litiyam, in ya zama jabu ko ya lalace, yakan kama da wuta mai wuyar kashewa, galibi ana cikin caji. A 2023 irin wannan gobara ta hallaka mutum 18 a birnin New York. A watan Fabrairun 2024 kuma mutum 15 suka rasu a birnin Nanjing na ƙasar Sin, bayan wuta ta tashi daga inda ake ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene.

Sai dai adalci ya sa a saurari ɗaya ɓangaren. Wani bincike da aka fitar a 2018 game da Holan ya nuna cewa idan aka yi la'akari da yawan hawan da kowa ke yi, mai keken lantarki bai fi mai keken feda faɗawa haɗari ba. Ga shi kuma yana sauƙaƙa wa tsofaffi zirga-zirga, ba ya fitar da hayaƙi.

Ashe ke nan hana shi ba magani ba ne. Abin da ya wajaba shi ne hukuma ta rarraba kekunan bisa gudunsu, ta hukunta masu kwance wa injin takunkumi, ta kuma hana sayar da batirin da bai cika ƙa'ida ba. Shi kuwa mahayi kada ya yi caji a bakin ƙofar da zai bi in wuta ta tashi.