Jirgin ƙasa a zauren gida

Wannan mako za mu ɗan huta da zancen farashin hatsi da na albashi, mu shiga wani zance wanda da jin farko za ku ce wasan yara ne, amma ina roƙonku ku yi mini haƙuri har ƙarshe.

A hutun da ya wuce na sauka Gazawa wurin dangi, ɗauke da wani kwali da wani ɗan uwa mai safarar Kwatanu ya tsinto mini cikin kayan gwanjo: kan jirgin ƙasa ƙarami wanda bai kai taƙi ba, da taragai huɗu, da ƴan guntayen dogo. Tun ina lise nake ganin hotunan irin wannan abu cikin mujallun Faransa, inda dattawa masu furfura ke gina tasha da gada da gari sukutum bisa tebur, abin da suke kira "modélisme ferroviaire". Da na buɗe kwalin a zaure, yaran unguwa suka yi cincirindo. Waɗannan yara gwanaye ne na motar kara da motar gwangwani, suna ƙera kamiyo har da madubi da lamba, domin kullum suna ganin manyan motoci na ratsa garin kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Amma ko ɗaya cikinsu bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba. Ƙaramin cikinsu ya tambaye ni: "Kawu, ina sitiyarinsa?" Tambayar nan ita ta sa na ɗauri niyyar mu gina masa hanya.

Abu na farko da mai wannan aiki zai sani shi ne awo. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya ana kiransa HO, wato a rage kowane abu sau 87. Mutum mai tsawon mita 1 da santimita 74 zai koma santimita 2; rumbun da ya kai mita uku da rabi zai koma santimita 4; gawo mai mita 15 zai tsaya wajen santimita 17. Tsakanin dogo da dogo kuwa milimita 16 da rabi ne. Akwai ƙanensa mai suna N, wanda ake rage abu sau 160, dogonsa milimita 9. Kowane mutum ya zaɓa, dole ya tsaya a kansa, in ba haka ba sai ka ga akuya ta fi tarago girma. Wannan ƙa'ida ta daɗe: tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da dogo mai tsayayyen awo a kasuwar baje koli ta Laifzig, don wanda ya sayi jirgi bana ya iya ƙara masa hanya baɗi.

Abu na biyu shi ne wuri. In ana son jirgin HO ya yi kewaye ya dawo, sai an sami tebur mai faɗin kusan mita guda, kuma wane magidanci ne cikinmu zai ba da ɗaki guda ga jirgi alhali ga iyali ga baƙi? Turawa ma sun gamu da wannan matsala, suka warware ta da dabarar gini gunduwa-gunduwa. Kowa ya gina akwati guda wanda zai iya ɗauka shi kaɗai, ya shimfiɗa dogo a kansa daga wannan baki zuwa wancan, ya ƙawata tsakiya yadda ransa ke so. Ranar haɗuwa a jera akwatunan baki da baki, sai ga doguwar hanya. A Amurka ƙungiyar NTRAK ta soma haka a 1973, a Turai kuma ƙungiyar FREMO, wadda aka kafa a Jamus a 1981, takan tara ɗaruruwan gunduwoyi daga ƙasashe daban-daban a babban zaure guda. Mutumin Holan da mutumin Jamus da ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya zo da nasa, kuma su haɗu cif, saboda tun kafin a saro katako an rubuta yarjejeniya kan bakin akwati: faɗinsa, da inda dogo zai faɗo, da ramukan noti, da tsayin dogo daga ƙasa, wanda a wurinsu mita 1 da santimita 30 ne.

Mu a Gazawa mun yanke gunduwa mai tsawon mita 1 da santimita 20, faɗi rabin mita, wato fili na mita ɗari da ƴan kai a zahiri. Kafinta ya haɗa mana firam na busasshen katako, ya rufe da falanki marar kauri, muka shafe ciki da waje da fenti saboda gara da raɓar damina. Gunduwa ta farko muka mai da ita tasha: rumfar kwano daga gwangwanin madara da aka buɗe aka daddanna masa layi da ƙusa, buhunan aya da na riɗi daga tsumman atamfa cike da yashi, da amalanken shanu na tsinken ashana. Ta biyu muka yi mata kwari irin na Gulbin Kaba, da gada ta sandunan tsintsiya, da goriba wadda aka murɗa gangar jikinta da zaren wayar lantarki aka yi mata ganye da takarda. Ƙasa kuwa ba mu saya ba: jar ƙasa da farin yashi muka tankaɗe da rariya, muka barbaɗa bisa gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa. Mai wannan aiki a Faransa kuɗi yake biya a aiko masa da yashi cikin leda. Mu kuwa sai mu share shi daga tsakar gida.

Wutar ba ta da wuya. Dogo ɗaya ke kai ta, ɗaya ke maido ta, ƙarfinta bai wuce volt 12 ba, irin na batirin babur. In ka juya wayoyin biyu, jirgi ya koma da baya. Sai dai mai saye ya lura: jiragen Jouef da Roco da Piko suna tafiya kan wannan tsari, amma na Märklin suna shan wuta ta tsakiyar hanya, ba su zama kan dogo guda da sauran ko da awonsu ɗaya. Babban abokin gaba kuma ƙurar hunturu ce, wadda ke kwanciya kan dogo ta yanke wuta; maganinta a goge da tsumma mai tsabta kafin wasa, a rufe da zane bayan an gama.

To, ga inda na sha kunya. Ranar da muka jera gunduwoyin biyu gaban yara da iyayensu, jirgi ya taso daga tasha lafiya lau, yana isa mahaɗa sai ya yi tuntuɓe ya kife cikin kwari, taragai suka bi shi. Da muka duba, dogon gunduwa ta biyu ya fi na farko tudu da milimita biyu kacal, domin na auna ɗaya daga saman falanki, ɗayar kuma daga ƙasan firam. Mun ɓata kwana goma kan ganyen goriba da buhunan aya, ba mu ba mahaɗa ko sa'a guda ba. Milimita biyu a awon HO ya fi santimita 17 a zahiri, kuma babu jirgin da zai haye irin wannan tudu. Sai da muka yanka ma'auni guda na kwano, muka huda ramukan noti ta cikinsa a bakin kowane akwati, muka sake kafa dogo, sannan jirgi ya wuce sumul.

A daren nan na kasa barci, saboda abin da ya faru a zaurenmu shi ne tarihin jirgin ƙasa a wannan yanki. Dogon Ingilishi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, da faɗin milimita 1,067. Dogon Faransa ya taso daga Kwatanu ya tsaya Paraku a 1936, bayan kilomita 438, da faɗin mita guda. Kowane mai mulki ya gina gunduwarsa yana kallon tashar ruwansa, ba wanda ya yi tunanin mahaɗa. Gyaɗar ƙasar Maraɗi ta daɗe tana bin dogon Kano, kafin a juya ta zuwa Paraku cikin manyan motoci a shekarun 1950. Ƙasarmu ta shiga hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa da Dahome tun 1959, wadda daga baya ta zama OCBN, alhali ko taƙi guda na dogo babu a ƙasar. An buɗe tashar Yamai a 2014, aka yi bikin layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, a farkon 2016, shi ma da faɗin mita guda. Amma ba a haɗa shi da Paraku ba, bai kuma shiga jigilar kaya da fasinja ba. Gunduwa ce aka ƙawata aka ajiye ita kaɗai.

A Fabrairu 2021 Nijeriya ta aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal aikin, da faɗin milimita 1,435. Ku lissafa da kanku: awo uku ke nan a kewayenmu. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ma'anar wannan, domin duk inda awo ya saɓa sai an sauke kaya an sake lodi, a biya ƴan dako sau biyu, buhu ya yage, kwana ya ƙaru. Ma'aikacin ofis kuma ya san cewa irin wannan ɓarna ba a bakin aiki take farawa ba, a kan takarda take farawa, ranar da aka sa hannu ba a tambayi inda layin zai haɗu da na maƙwabci ba. Ranar da za a zauna shawarar miƙa dogo daga Maraɗi zuwa gabas ta Agye da Gazawa, ko zuwa yamma ta Gidan Runji, tambayar farko da ya kamata wakilanmu su yi ita ce: da wane awo, kuma zai haɗu da me?

Akwai kuma tambaya ta biyu: wa zai tuƙa, wa zai gyara? In ba mu shirya yaranmu ba, za mu tsaya bakin dogo muna ɗaga wa baƙi hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya gina gunduwa guda ya koyi rabawa da 87, ya koyi karanta zane, ya san yadda wuta ke tafiya ta dawo, ya kuma gane cewa aikinsa ba shi da amfani sai ya dace da na ɗan uwansa. Shawarata ga malaman lakwal da na lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi ita ce su rubuta ƙa'idar mahaɗa a shafi guda, su raba wa makarantu. Gazawa ta gina kwarinta, Agye ta gina gonakin gawo, Gidan Runji ta gina kasuwarta, ƙarshen shekara a jera su a zaure guda. Kan jirgi ɗaya ya ishi kowa, kuma cikin alhazanmu masu zuwa Kwatanu da Dubai ba za a rasa mai kawo shi ba.

Kafin in baro Gazawa, yaron nan mai tambayar sitiyari ya zo ya karɓi ma'aunin kwanon, ya ce shi da abokansa za su gina gunduwa ta uku, kuma ba za su dasa itace ko ɗaya ba sai sun ga jirgi ya haye mahaɗa. Na ba shi, na ce ya riƙe da kyau.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.