Ɓoye wa Likita Abin da Ka Sha Cin Amanar Rai Ne

A kasuwannin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, lasifikar masu tallan magani ba ta yin shiru, wasu da sunan gargajiya, wasu da sunan maganin Musulunci. Babu jayayya cewa Sunna ta kwaɗaitar da neman magani, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito falalar habbatus sauda. Inda gizo ke saƙa shi ne mai ciwon zuciya ya haɗa waɗannan da ƙwayoyin asibiti, sannan ya ɓoye wa likitansa.

Mai shan warfarin, ƙwayar da ke hana jini yin guda, ana bibiyarsa da gwajin INR, kuma galibi ana son sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Yawan shan tafarnuwa, citta ko hulba a matsayin magani yana iya ƙara tsinka jinin har ya kai ga zuba. Shi kuwa ganye mai yawan bitamin K, kamar alayyahu, rage ƙarfin ƙwayar yake yi. Haka digoxin: tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa kaɗan ce, kuma maganin wankin ciki mai sa zawo yana kusantar da gubar.

Idan sakamako ya karkace, likitan da ba a gaya wa gaskiya ba zai canza adadin ƙwaya bisa abin da ya gani. Ranar da aka daina jiƙon, wannan adadin ya zama haɗari. Ga shi kuma rashin tsaro ya sa zuwa Funtuwa, Katsina ko Shika domin maimaita gwaji ya yi wuya.

Kiyaye rai yana cikin manufofi biyar na Shari'a, kuma aya ta 43 ta Suratun Nahli ta umurce mu da tambayar masana. Saboda haka, ya 'yan'uwa, ku tafi asibiti da kowace kwalba da ƙullin garin da majinyaci yake sha. Kada a daina cin ganye, a dai daidaita yawansa. Jini daga dasashi, haɓo ko baƙin bahaya alama ce ta a garzaya asibiti. Masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah, su riƙa tambaya kafin su miƙa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.