WAI CELO KUKAN SANIYA NE?

A zaman ƙungiyarmu da ya wuce, na sa faifan kiɗan celo, wato babban gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda makaɗi ke jingina wa ƙirji yana zaune. Kafin faifan ya yi nisa, sai wani ɗan ajinmu ya ce kukan saniya ne kurum. Aka yi dariya, har da tafi. Hujjarsa ita ce, kalangu yana magana domin akwai take a cikinsa, amma kiɗan da ba waƙa, ba take, ba shi da ma'ana ko ta anini. To, ni ban yarda ba.

Da farko, ina tambaya. In uwa ta ji kukan jaririnta, da waɗanne kalmomi take gane na yunwa da na ciwo? Ai hawa da saukar murya ne, da tsawonta, da rawarta. Da waɗannan celo yake aiki. Muryarsa ta yi kusa da ta ɗan Adam, tun daga kaurin muryar dattijo har zuwa siririyar muryar mace, kuma makaɗi yana iya ja mata numfashi ko ya sa ta karkarwa da ɗan yatsa.

Na biyu, mu duba tarihi. Ran 21 ga Agusta, 1968, tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka wayi gari a ƙasar Cekoslobakiya. A daren nan Mstislav Rostropovich, ɗan Rasha, ya hau dandali a Landan domin ya kaɗa kiɗan celo na Antonin Dvorak, wanda ɗan ƙasar da aka mamaye ne. Wasu 'yan kallo suka tarye shi da ihu. Ya yi kiɗan yana hawaye, bai ce uffan ba. Duk wanda ke zauren ya gane ɓangaren da zuciyarsa take.

Haka kuma a Sarayebo, cikin watan Mayu na 1992, bom ya faɗa kan mutanen da ke layin sayen burodi. Vedran Smailovic ya ɗauki celonsa ya zauna a wurin, ya yi kwanaki yana kiɗa domin mamatan, alhali 'yan bindiga na harbi a garin. Wane mai hankali ne zai sayar da ransa don ya yi kukan saniya?

Na yarda da abu guda. Celo ba zai ce maka "Sarki ya iso" ba, kamar yadda tambari zai ce. Ba ya kawo labari. Amma baƙin ciki da bege da juriya, yana iya zuba maka su a zuciya ba tare da tafinta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu ne muke cika takardun jarrabawa da kukan cewa baƙi sun ji kiɗanmu sun kira shi hayaniya, don ba su tsaya sun koya ba. Ga shi mun aikata abin da muke zargi. Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta sake sa faifan nan, a saurare shi tun daga farko har ƙarshe, baki a rufe. Wanda ya ce bayan haka bai ji komai ba, ya zo mu yi muhawara.