Laifi Tudu Ne: Tsawa Ga Masu Fatsar Nishaɗi Na Amurka

A gaɓar tekun Atlantika ta Amurka, daga jihar Maine har North Carolina, akwai wani kifi da mutanen wurin ke ji da shi kamar yadda Kabawa ke ji da giwan ruwa. Sunansa a bakinsu striped bass, wato mai zane, saboda layukan da suka ratsa jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Ƙasaitaccensa yakan haura kilo 30. A teku yake zaune, amma da sanyi ya wuce sai ya hau koguna ya zuba ƙwai, akasari a waɗanda ke malala cikin mashigin Chesapeake, sai kogin Hudson da na Delaware.

Mutum iri biyu ke bin wannan kifi. Akwai masunta, waɗanda da shi suke ciyar da iyali. Akwai kuma masu fatsa don nishaɗi, ɗimbin jama'a da ke fita ranar hutu da sandar fatsa da ƙaramin jirgi. Shekara da shekaru ke nan masu nishaɗin suna fafutukar a hana masunta kama shi da sayar da shi, a bar musu shi su kaɗai. Da su nake magana yau, kuma ba zan sassauta ba. Kun taka laifinku kuna hangen na wani.

Ba na musun cewa su na kasuwa ya taɓa yin ɓarna. A 1973 masunta sun fitar da mai zane sama da kilo miliyan 6, bayan shekara goma abin da suke samu bai kai rubu'in haka ba. Sai da majalisar dokokin Amurka ta yi dokar kare shi a 1984, jihar Maryland ta rufe kamun gaba ɗaya daga 1985 zuwa 1990, sannan kifin ya farfaɗo, aka yi shelar ya dawo a 1995. A 2011 ma an tsamo haramtattun raga kusa da tsibirin Kent ɗauke da kifi fiye da tan goma. Duk wannan gaskiya ce. Amma ku lura da abin da ya ceci kifin a wancan karon: Maryland ta hana kowa ne, mai raga da mai fatsa, babu ɗan lele.

To ga lissafin da kuke kauda kai idan an zo karanta shi. A 2019 hukumar da ke kula da kamun kifi ta jihohin gaɓar Atlantika ta tabbatar cewa mai zane ya sake shiga uku. Da aka duba kifin da ya mutu ta hannun ɗan Adam a 2017, kashi 90 cikin 100 a fatsarku ya mutu. Masunta duka, da abin da suka sayar da abin da suka zubar, kashi 10 ne nasu. Ta yaya mai cin tara zai kama wuyan mai cin ɗaya ya ce shi ya cinye tuwon?

Abin da ya fi ciwo shi ne rabin ɓarnar taku ba ta ko shiga tukunya. Kuna alfahari da cewa ku kuna kamawa ku saki. A waccan shekarar kun saki kifi kusan miliyan 38, kuma a ƙiyasin masana tara cikin kowane ɗari da aka saki mutuwa suke yi. Kifi sama da miliyan 3 ke nan, sun fi waɗanda kuka kai gida yawa.

Ku tsaya ku dubi yadda abin ke faruwa. Watan Yuli ne, ruwan Chesapeake ya yi ɗumi, iskar cikinsa ta ragu. Kifi ya haɗiye ƙugiya har maƙogwaro. Mai fatsa ya yi ta jan sa yana sassautawa, don a nan daɗin wasan yake, har kifin ya galabaita. Ya ɗago shi cikin rana, ya cusa yatsu a ƙarƙashin kumatunsa, ya riƙe shi a tsaye, aboki ya ɗauki hoto, a sake ɗauka don na farko bai yi kyau ba. A fizge ƙugiya da jini, a wurga shi ruwa. Ya ɗan kaɗa wutsiya ya nutse, mai fatsa ya koma gida yana ganin ya yi aikin alheri. Bayan kwana ɗaya ko biyu kifin ya taso ciki sama, inda babu mai ganinsa. Wanda masunci ya kama ya ciyar da wani gida. Wannan wa ya ciyar?

Idan da gaske ceton kifi kuke nema, ku amsa mini batun New Jersey. Jihar ta haramta sayar da mai zane, kamar yadda kuke roƙon sauran jihohi su yi. Ina kason masuntan ya tafi? An bar shi a ruwa ya hayayyafa? A'a. An mayar da shi ƙarin kifi ga masu fatsa da suka yanki takardar izini ta musamman. Kifin bai tsira ba, hannun mai kashe shi ne ya sauya. Wannan rabon ganima ne, ku daina sa masa rigar kishin muhalli.

Ku tuna 2022 kuma. Kifayen da aka ƙyanƙyashe a 2015, shekarar da aka samu albarka, sun kai tsawon da doka ta halatta. Su ne aka sa wa rai za su zama iyayen gobe. Kuka far musu, abin da kuka kwashe ya kusan ninka na 2021. Dole hukuma ta ɗauki matakin gaggawa a watan Mayun 2023, ta ce duk wanda ya wuce inci 31 a mayar da shi ruwa. Masunta ba su yi wannan ba, domin su kasonsu a ƙayyade yake. An rage musu kashi 18 cikin 100 a 2020, aka sake rage 7 a 2024, kuma duk kifin da za su sayar sai an maƙala masa lamba. Ku kuwa ba mai ƙirga naku ɗaya bayan ɗaya, sai ƙiyasi daga tambayoyin da ake muku a bakin ruwa. Kowannenku yana cewa ai ɗaya kawai na ɗauka. Da yayyafi kogi kan cika, kuma da ɗaya-ɗayan nan teku ke ƙarewa.

Akwai kuma wanda kuka manta da shi ɗungum. Kifin teku dukiyar jama'a ce. Tsohuwar da ba ta da jirgi, da leburan da ba shi da ranar hutun zuwa bakin teku, su ma suna da haƙƙi a cikinsa, kuma ta hannun masunci kaɗai yake isa gare su. Kun yi nasara a Texas a 1981 da aka hana masunta sayar da wani jan kifi na mashigin Meziko, kun yi a Florida a 1994 da aka haramta ragar da ke sarƙe kifi a ruwan jihar, domin kun fi yawa, kun fi kuɗi, kun fi murya a gaban 'yan siyasa. Rinjaye ba ya wanke mutum daga laifinsa.

Kuma lokaci ba ya jira. Daga 2019 zuwa 2024, shekara shida a jere, ƙyanƙyasar Chesapeake ta yi muni. A 2023 ma'aunin ƙananan kifi na Maryland ya tsaya a 1.0, alhali matsakaicinsa na tsawon shekaru kusan 11 ne. Masana na danganta wannan da ɗumin lokacin sanyi da ƙarancin ruwa a koguna. An ɗibar wa kifin wa'adin farfaɗowa zuwa 2029, ga shi babu 'ya'ya a baya. A irin wannan hali kowace uwar kifi da ta mutu asara ce babba, ko raga ta kashe ta ko hoto.

Na yaba wa waɗanda a cikinku suka fito suka nemi a dakatar da ɗibar kifin ga kowa, har da su kansu. Su ne suka fahimci abin da Kabawa suka daɗe da sani a Argungu: ana samun giwan ruwa a Matan Fada ranar biki ne domin an kange wurin daga kowa kafin ranar. Hani da ya tsallake mai yin sa ba hani ba ne.

Saboda haka ku fara da kanku. Ku ajiye fatsa idan ruwa ya yi ɗumi, ba sai doka ta tilasta muku ba. Ku yi amfani da lanƙwasasshiyar ƙugiyar nan da aka wajabta tun 2021, wadda ke kama leɓe ba ciki ba. Ku cire ƙugiya kifin yana cikin ruwa. Idan kun kama biyu kun saki, ku haƙura, ba sai talatin ba. Ku yarda a ƙirga naku kamar yadda ake ƙirga na masunci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar da kuka rage taran da ke hannunku, a ranar ne za ku sami bakin yi wa mai ɗaya faɗa.